Matsalar Gadon Mulki a Tarihin Rumawa: Daga Sarakuna Bakwai Zuwa Zamanin Hirakal

Tsakure

Rumawa sun bar wa duniya dokokin gadon dukiya waɗanda har yau ake karantarwa a tsangayoyin shari'a, amma ba su taɓa shimfiɗa dokar da ta fayyace wanda zai gaji mai mulki ba. Wannan maƙala ta bi diddigin wannan giɓi tun daga zamanin sarakunan farko, ta ratsa ta jamhuriya, har zuwa ƙarshen daula. An yi ƙoƙarin nuna cewa ƙyamar da Rumawa suka yi wa kalmar sarki ce ta hana su tsara gadon sarauta a fili, kuma wannan ne ya bar wa sojoji ikon naɗawa da tuɓewa.

1.0 Gabatarwa

Sunan Rum ba baƙo ba ne a kunnen manazarcin Hausa. Ya san Suratur Rum, ya san Bahar Rum, ya ji labarin Hirakal a littattafan sira, ya kuma ji sunan Daƙyanus a tafsirin ƙissar Ashabul Kahfi. Sai dai kusan duk wannan sani ya shigo mana ne ta hanyar Larabci, don haka Rum ɗin da muka fi sani ita ce ta Gabas, mai hedikwata a Kustantiniyya, mai magana da harshen Girka. Rum ta asali, wato birnin da ke bakin kogin Tiber a tsakiyar Italiya, mai magana da Latin, ta riga wannan da ƙarnoni masu yawa. (Ba sai an faɗa ba, Rumawan da ake magana a kansu a nan ba su da alaƙa da Rumawan ƙasar Katsina, suna ne kawai ya zo ɗaya.)

Tarihin da ya haura shekara dubu ba zai shiga maƙala ɗaya ba. Saboda haka an ɗauki tambaya guda aka bi ta daga farko zuwa ƙarshe: idan mai mulki ya kau, wa zai hau, kuma wa ke da hurumin ɗora shi? An yi amfani da K.M. wajen nuna shekarun da suka gabaci Miladiyya. Shekarar da ba a sa mata alama ba ta Miladiyya ce.

2.0 Sarakunan da ba su gaji iyayensu ba

Bisa ruwayar Rumawa, Romulus ne ya kafa birnin a shekarar 753 K.M., kuma sarakuna bakwai suka mulke shi har zuwa 509 K.M. Dole a yi taka-tsantsan da wannan ruwaya. Shekarar kafuwar kanta lissafi ne na wani malami mai suna Barro, wanda ya rayu a ƙarni na farko K.M., kuma Titus Libiyus, wanda littafinsa ne babban madogara a kan zamanin, ya yi rubutu kimanin shekara ɗari biyar bayan korar sarki na ƙarshe. A ce mutum bakwai sun cika shekara 244, kowannensu ya yi kusan shekara 35 ke nan, alhali an ce da yawansu kashe su aka yi. Duk wanda ya saba da jerin sarakunan gargajiya ya san yadda irin wannan lissafi yake haɗiye sunaye. Amma cewa an yi sarauta a Rum, wannan ba abin shakka ba ne. A 1899 an tono wani dutse a dandalin birnin mai ɗauke da tsohon rubutun Latin na wajajen ƙarni na shida K.M., kuma kalmar sarki tana cikinsa ɓaro-ɓaro.

Abin lura a ruwayar shi ne babu ko ɗaya daga cikin bakwai ɗin da ya hau kai tsaye bayan mahaifinsa. Numa, sarki na biyu, daga ƙabilar Sabinawa aka ɗauko shi. Tarkwiniyus na farko baƙo ne daga ƙasar Etruriya, an ce ma mahaifinsa Bagirke ne. Sarbiyus Tulliyus kuwa an ce ɗan baiwa ne da ya tashi a fada. Idan sarki ya mutu, iko yakan koma hannun majalisar dattawa, 'yan majalisar su riƙa karɓa-karɓa kwana biyar-biyar, har a tsayar da wanda taron jama'a zai amince da shi, a kuma duba alamun yardar alloli. Laifin farko da ruwayar ta ɗora wa sarki na bakwai, Tarkwiniyus Mai Girman Kai, shi ne ya kashe surukinsa Sarbiyus ya haye gado ba tare da an zaɓe shi ba. Ko da waɗannan labarai ƙagaggu ne, suna gaya mana abin da Rumawan baya suka ɗauka a matsayin halastaccen mulki: wanda majalisa da jama'a suka bayar, ba wanda jini ya kawo ba.

3.0 Jamhuriya: mulkin shekara guda

An ce fyaɗen da ɗan sarki ya yi wa wata matar aure mai suna Lukresiya, wadda ta kashe kanta saboda baƙin ciki, shi ne ya tunzura manyan gari ƙarƙashin jagorancin Burutus suka kori gidan Tarkwiniyus. Tsarin da ya biyo baya dabara ce ta kauce wa matsalar gado gaba ɗayanta. An raba ikon sarki tsakanin mutum biyu da ake kira konsul, ana zaɓensu duk shekara, kuma kowannensu yana iya taka wa ɗan'uwansa burki. Ayyukan ibada da sarki ke yi aka miƙa su ga wani limami da aka bar masa laƙabin sarkin hadayu, aka kuma haramta masa riƙe kowane muƙamin siyasa. Idan masifa ta taso, akan naɗa mutum ɗaya da ake kira diktato a ba shi cikakken iko, amma wa'adinsa ba ya wuce wata shida.

Daga nan kalmar rex, wato sarki, ta zama zagi a siyasar Rum. Ruwayoyi sun ambaci mutum uku da aka kashe a farkon jamhuriya bisa zargin neman sarauta, wato Kasiyus da Meliyus da Manliyus, kuma dukkansu an ce sun jawo talakawa a jiki ne ta hanyar rabon gona ko hatsi ko biya musu bashi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Zargin neman sarauta ya zama makamin da masu asali ke ɗagawa a kan duk wanda ya nemi goyon bayan talakawa fiye da kima.

Talakawan ma ba su zauna ba. A 494 K.M. suka fice daga birnin suka ƙi shiga yaƙi, har aka yarda su riƙa zaɓen wakilansu waɗanda doka ta haramta a taɓa lafiyarsu. Aka rubuta dokokin Alluna Goma Sha Biyu a 451 zuwa 450 K.M., a 367 K.M. aka buɗe musu ƙofar kujerar konsul, a 287 K.M. kuma shawarar taronsu ta zama doka a kan kowa. Da wannan tsari Rum ta haɗiye Italiya, ta jure wa Hanibal ko da bayan mummunan kashin da ya ba ta a Kanna a 216 K.M., ta kuma rushe Kartaj da Korinti a shekara guda, 146 K.M.

4.0 Inda tsarin ya tsage

Tsarin da aka yanka wa birni guda bai iya ɗaukar daula ba. Yaƙi a Sifaniya ko Asiya ba ya ƙarewa a shekara ɗaya, don haka aka shiga tsawaita wa kwamandoji wa'adi. Manoman da ke cika rundunoni sukan yi shekaru a waje, su dawo su tarar gonakinsu sun koma hannun attajirai masu noma da bayi. A 133 K.M. wakilin talakawa Tibariyus Garakus ya kawo dokar ƙayyade yawan filin gwamnati da mutum ɗaya zai riƙe. 'Yan majalisa suka far masa da sanduna suka kashe shi, hujjarsu kuwa ita ce tsohuwar hujja: yana neman kambin sarauta. Ƙanensa Gayus ya bi sahunsa a 121 K.M.

A 107 K.M. Mariyus ya ɗauki marasa gona aikin soja. Masana na baya-bayan nan suna ganin an zuzuta girman wannan mataki, domin sauyin ya ɗauki lokaci mai tsawo kafin ya kankama. Amma inda aka dosa a bayyane yake: sojan da ba shi da komai yana sa ran kwamandansa ne zai samo masa gona bayan sallama, majalisa kuwa kullum jan ƙafa take yi a kan haka. A 88 K.M. Sulla ya juyo da rundunarsa ya afka wa birnin Rum kansa, abin da ba a taɓa yi ba. Daga baya ya zama diktato ba tare da wa'adi ba, ya kashe abokan gaba ta hanyar liƙa sunayensu a dandali, sannan ya ajiye mulki da kansa ya mutu a gidansa a 78 K.M. Gyare-gyaren da ya yi ba su daɗe ba, amma misalin da ya bari ya daɗe.

Yuliyus Kaisar ya ƙetare kogin Rubikon da sojojinsa a 49 K.M., ya murƙushe Fompi da magoya bayan majalisa, a farkon 44 K.M. kuma aka naɗa shi diktato na har abada. A watan Fabrairu na wannan shekara Markus Antoniyus ya miƙa masa kambi a bainar jama'a, ya ƙi karɓa. Ƙin bai cece shi ba. Ranar 15 ga Maris aka sossoke shi a zauren majalisa, cikin jagororin makasan kuwa har da wani Burutus, wanda ke danganta kansa da Burutus na farko.

5.0 Ogustus da sarautar da ba ta da suna

A nan ne ya kamata a dakata, domin a nan aka ƙulla ƙullin da Rumawa suka kasa kwancewa. Kaisar ba shi da ɗa na halas, sai ya ɗauki jikan 'yar'uwarsa, Oktabiyanus, matashi ɗan shekara 18, a matsayin ɗa a cikin wasiyyarsa. Ɗaukar ɗa a wurin Rumawa ya sha bamban da riƙo ko tallafi da muka sani, inda yaro ke tashi a wani gida amma nasabarsa tana nan. A wurinsu wanda aka ɗauka, ko da magidanci ne, yakan bar gidan ubansa a shari'ance, ya ɗauki sunan sabon uba da dukiyarsa da mabiyansa. Da wannan suna na Kaisar yaron ya janyo tsofaffin sojojin marigayin, bayan yaƙe-yaƙe na shekara goma sha uku kuma ya ci Antoniyus da Kiliyofatara a yaƙin ruwa na Aktiyum a 31 K.M.

Ya ga abin da ya sami Kaisar, don haka bai nemi kambi ba, bai karɓi muƙamin diktato ba. A Janairun 27 K.M. ya sanar da cewa ya mayar wa majalisa da jama'a ikonsu. Majalisa ta roƙe shi ya riƙe lardunan da ke buƙatar tsaro, irin su Sifaniya da Gol da Sham, wato dai inda mafi yawan rundunoni suke, ta kuma ba shi laƙabin girmamawa na Ogustus. A 23 K.M. ya ajiye kujerar konsul, aka ba shi ikon wakilin talakawa ba tare da ya riƙe muƙamin ba. A 12 K.M. ya zama babban limami. Abin da ya fi so a kira shi shi ne princeps, wato na farko a cikin 'yan ƙasa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan iko yana da asali a jamhuriya. Tara su a hannun mutum ɗaya har tsawon rai ne sabon abu.

Dabarar ta yi aiki, domin ya yi mulki fiye da shekara arba'in ya mutu a kan shimfiɗarsa a shekarar 14. Amma tana da tsada. Tunda a hukumance babu sarauta, to babu abin da za a gada. Ikon da aka ba shi nasa ne shi kaɗai, yana ƙarewa da ƙarewar numfashinsa. Rubuta dokar gado daidai yake da amsa cewa jamhuriya ta mutu, kuma wannan shi ne abin da aka gina tsarin gaba ɗaya don kada a faɗa. Abin da ya rage masa shi ne zagaye: ya ɗauki mutum a matsayin ɗa, ya aura masa 'yarsa Yuliya ko ya ɗauki 'ya'yanta, ya sa majalisa ta ba shi rabon iko tun yana raye, ta yadda ranar mutuwa za a tarar da wani riƙe da ragama. Ajali ya yi ta ɓata masa shiri. Marselus ya mutu a 23 K.M., Agiriffa a 12 K.M., jikokinsa Lusiyus da Gayus a shekarar 2 da ta 4. Daga ƙarshe ya koma kan agolansa Tibariyus, wanda alamu suka nuna ba shi ne zaɓin zuciyarsa ba.

A ganin mai wannan nazari, kuskure ne a ɗauki wannan a matsayin sakaci daga Ogustus. Ya san giɓin sarai. Ya auna ne ya ga cewa furta gaskiya zai jawo masa wuƙa nan take, yin shiru kuwa zai jawo wa na bayansa.

6.0 Dogarai da rundunoni

Idan doka ba ta faɗi wanda zai hau ba, mai takobi zai faɗa. A shekarar 23 aka tattara rundunar dogaran fada a bariki guda a gefen birnin Rum. A shekarar 41 wasu hafsoshinsu suka kashe Kaligula. Yayin da majalisa ke muhawara a kan ko a dawo da jamhuriya, dogarai suka tsinci baffan marigayin, Kalaudiyus, a ɓoye a bayan labule, suka kai shi barikinsu suka yi masa mubaya'a. Ya yi wa kowannensu alkawarin sestas 15,000, a lokacin da albashin sojan runduna na shekara bai wuce 900 ba. Majalisa ta sa hannu washegari, don ba ta da zaɓi.

Da Nero ya kashe kansa a 68, mulkin zuriyar Ogustus ya ƙare. A shekarar 69 kaɗai mutum huɗu suka riƙe mulki: Galba da Oto da Biteliyus da Besfasiyan. Marubucin tarihi Tasitus ya lura cewa rikicin ya koya wa rundunonin larduna darasi mai haɗari, wato su ma za su iya naɗa nasu a can inda suke, ba sai a Rum ba. Har yau akwai allon tagulla a gidan tarihi na Kafitol da ke ɗauke da wani ɓangare na dokar da ta ba Besfasiyan iko, kuma dokar ta halasta har abubuwan da ya aikata kafin a zartar da ita. Da wuya a sami shaidar da ta fi wannan nuna wanda ke gaba da wanda ke biye tsakanin takobi da doka. Ɗansa Titus, da ya hau a 79, shi ne na farko da ya gaji mahaifinsa na jini.

An sha yabon zamanin da ya fara daga Narba a 96 zuwa mutuwar Markus Oreliyus a 180, lokacin da kowane mai mulki ya ɗauki baligi mai ƙwarewa ya mai da shi magaji, har daular ta kai iyakar faɗinta a ƙarƙashin Tarajan. Wasu sun ɗauka wannan manufa ce ta fifita cancanta a kan jini. Gaskiyar ta fi haka sauƙi: Narba da Tarajan da Hadiriyan da Antoninus babu wanda ya bar ɗa namiji. Markus, wanda ake kira masanin falsafa, da ya sami ɗa sai ya ba shi. Za a iya yi masa uzuri, domin ɗan mai mulkin da aka tsallake ba ya da wurin zama a duniya: ko ya yi tawaye ko a kashe shi. Komodus ya yi shekara goma sha biyu aka shaƙe shi a daren ƙarshe na 192. A 193 dogarai suka kashe Fatinaks kafin ya cika wata uku, sannan suka sa mulkin a kasuwa, Didiyus Yuliyanus ya taya sestas 25,000 ga kowane mutum aka sallama masa. Bai more cinikin ba. Seftimiyus Seberus, mutumin Leftis Magna da ke Libiya ta yau, ya taso da rundunonin kogin Danub ya karɓe. Ya bar wa 'ya'yansa biyu mulki a 211, kafin shekarar ta fita Karakalla ya sa an kashe ƙanensa Geta a gaban mahaifiyarsu.

Daga 235 zuwa 284 abin ya zama ruwan dare. Fiye da mutum ashirin aka amince da su a matsayin masu mulki cikin shekara hamsin, ban da tarin masu iƙirari, kuma ƙalilan ne suka mutu ba ta hanyar takobi ba. Dalilin bai tsaya ga kwaɗayin sojoji ba. Daular tana fuskantar hari a Rayin da Danub da Furatu a lokaci guda, musamman bayan gidan Sasan ya karɓi Farisa a 224, mai mulki kuwa ba zai kasance a wuri uku ba. Duk rundunar da ta ga an bar ta ita kaɗai sai ta naɗa kwamandanta, shi kuma dole ya bar iyaka ya tafi yaƙar wanda ke kan gado, abokan gaba su sami ƙofa. Daƙyanus, wanda Rumawa ke kira Desiyus, ta haka ya hau a 249, Gotawa suka kashe shi a fagen fama a 251. A 260 Sarkin Farisa Shafur ya kama Baleriyan da rai. Kuɗin azurfa ya lalace har azurfar da ke cikinsa ta koma ƙasa da kashi biyar cikin ɗari, domin kowane sabon mai mulki sai ya biya waɗanda suka ɗora shi.

7.0 Gwajin Diyoklesiyan

Mutum ɗaya ne ya yi ƙoƙarin tsara gado da gangan. Diyoklesiyan, soja daga yankin Balkan da ya hau a 284, ya ɗauki Maksimiyan abokin mulki a 286, a 293 kuma ya ƙara mataimaka biyu. Manya biyu suna ɗauke da laƙabin Ogustus, ƙanana biyu suna ɗauke da na Kaisar, kowa da iyakar da yake tsaro, kuma ƙanana ne za su gaji manya. Ranar 1 ga Mayu 305 ya yi abin da ba a saba gani ba: ya yi murabus da ƙafarsa, ya sa Maksimiyan ma ya yi, ya koma fadarsa a Isfilit da ke Kuroshiya ta yau. Amma wajen cike guraben mataimaka an tsallake 'ya'ya biyu baligai, Kustantin ɗan Kustantiyus da Maksentiyus ɗan Maksimiyan. Sojoji kuwa, duk da yawan juyin mulkinsu, suna da son ɗan maigida. A 306 rundunar Birtaniya ta naɗa Kustantin a Yok, Maksentiyus ya ƙwace Rum. A 308 aka roƙi tsohon ya dawo, an ruwaito cewa ya nuna noman kabejinsa ya fi masa.

Kustantin ya ci Maksentiyus a 312, ya zama shi kaɗai a 324, ya ƙaddamar da Kustantiniyya a 330. Karɓar Kiristanci da ya yi ya ba mai mulki sabuwar hujja, wato zaɓin Ubangiji, amma bai kawo dokar gado ba. Da ya mutu a 337 sojoji suka karkashe 'yan'uwansa da yawancin 'ya'yansu maza don share wa 'ya'yansa uku hanya, su ukun kuma ba su zauna lafiya da juna ba: a 340 babbansu ya mutu yana yaƙar ƙaraminsu.

8.0 Yara a kan gado

A ƙarshen ƙarni na huɗu jini ya yi rinjaye, sai dai ya zo da tasa cutar. Tiyodosiyus ya mutu a 395 ya bar Gabas ga Arkadiyus, matashi, Yamma kuma ga Honoriyus, ɗan shekara goma. Balentiniyan na Uku yana da shekara shida aka ɗora shi a 425. Yaro ba ya jan runduna, don haka iko na haƙiƙa ya koma hannun babban kwamanda, rigimar da ake yi a kan gado ta koma rigima a kan wannan kujera. An kashe Istiliko a 408, bayan shekara biyu Alarik da Gotawansa suka washe Rum. Bandalawa suka kama Kartaj a 439, Yamma ta rasa lardinta mafi arzikin hatsi da haraji. Balentiniyan ya kashe kwamandansa Etiyus da hannunsa a 454, mutanen Etiyus suka rama a 455. Daga nan kwamanda Risima ya yi ta ɗorawa yana saukewa har ya mutu a 472. A 476 Odowaka ya tuɓe wani yaro mai suna Romulus, bai ga amfanin naɗa wani ba, ya tattara kayan sarauta ya aika wa Zeno a Kustantiniyya.

Ba daidai ba ne a ce matsalar gado ita kaɗai ta rushe Yamma. Gabas tana da cutar iri ɗaya amma ta rayu har 1453, saboda tana da ganuwar Kustantiniyya, da dukiyar Masar da Sham, da iyakar Turai da ta fi gajarta. Abin da za a iya cewa shi ne yaƙin basasa ya cinye sojoji da kuɗin da Yamma ba ta da hanyar mayarwa, a daidai lokacin da ta fi buƙatarsu.

Hirakal ɗin da muka sani a sira shi ma ta wannan ƙofa ya shigo. A 602 wani ƙaramin hafsa mai suna Fokas ya jagoranci boren rundunar Danub, aka kashe Moris da 'ya'yansa maza. Kisra na Biyu, wanda Moris ya taɓa taimaka wa ya koma gadonsa, ya ɗauki wannan a matsayin hujjar yaƙi. Wannan shi ne yaƙin da malaman tafsiri ke dangantawa da farkon Suratur Rum, wanda a cikinsa Farisawa suka ci Ƙudus a 614. Hirakal ya taso da jiragen ruwa daga Kartaj, inda mahaifinsa ke gwamna, ya kashe Fokas a 610, ya kuma karya Farisawa a kusa da Ninawa a 627. A wata doka ta 629 ya kira kansa basileus, kalmar Girka mai ma'anar sarki. Masu jin harshen Girka sun daɗe suna kiran mai mulkin Rum da haka a bakinsu, amma daga wannan lokaci ne kalmar ta zauna a matsayin laƙabin hukuma, fiye da shekara 1100 bayan korar Tarkwiniyus.

Laƙabin bai zo da dokar gado ba. Hirakal ya mutu a Fabrairun 641 ya bar mulki ga 'ya'yansa biyu da ba uwa ɗaya ba. Babban, Kustantin na Uku, ya mutu bayan 'yan watanni, aka zargi matar ubansa Martina da sa masa guba. Kafin shekarar ta ƙare aka tuɓe ɗanta Hiraklonas, aka yanke masa hanci, aka yanke mata harshe, aka ɗora jikan Hirakal ɗan shekara goma sha ɗaya. A cikin wannan shekara ce aka sa hannu a yarjejeniyar miƙa Iskandariyya ga Amru ɗan Asi.